Sauka ta fi tashi wuya: Abin da ya riƙa kayar da ƙananan jirage tun 1925, kuma bai daina ba

A duk ranar da aka shirya gagarumin taro a filin wasa na Pantami da ke cikin garin Gombe, akwai wani lissafi da ake yi a Abuja tun kafin a kafa rumfa ko a jera kujeru. Hadimin da ke riƙe da jadawalin mai gida yakan zauna ya tsara tafiya: ƙarfe kaza a tashi, ƙarfe kaza a sauka a filin jirgin sama na Lawanti da ke kan hanyar Bauchi, a biya fada a yi gaisuwar ban-girma, a isa Pantami kafin rana ta gajiyar da jama'a, sannan a juya ko a zarce wani gari. A takarda komai yakan zauna daram. To amma taro bai san agogo ba. Wani zama yakan riƙe mai gida a Abuja har azahar ta gota, ko jawabai su ja har la'asar sakaliya, alhali ana jiransa a Yola ko Jalingo. A nan ne akan waiwayi matuƙin ƙaramin jirgin da aka ɗauko a ce masa ya yi ƙoƙari.

Wannan ƙoƙarin da ake nema ba a sama ake yinsa ba. A mintunan ƙarshe ake yinsa, lokacin da jirgi ya rage gudu, ya kusanci ƙasa, ya rasa sararin gyara kuskure. Alƙaluman da kamfanin Boeing ya daɗe yana fitarwa kan manyan jiragen fasinja sun nuna cewa kusan rabin haɗurran da suka ci rayuka sun auku ne a gangarowar ƙarshe da sauka, duk da cewa wannan ɓangare bai wuce ɗan ƙanƙanin kaso na lokacin tafiya ba. Idan haka lamarin yake ga jirage masu matuƙa biyu da tarin na'urori, ina ga ƙaramin jirgi? Matuƙan farko da suka ratsa sararin samaniyar ƙasar nan sun san amsar da jikinsu.

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na rundunar sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka sauka a Kano. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka biyo ta Sudan da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, da Maiduguri. Babu titin jirgi a Kano a lokacin. Filin da Turawa ke wasan dawakai ne ya karɓe su. Gombe kuwa a wannan shekarar ba ta fi shekara shida da komawa mazauninta na Doma ba, bayan an taso da hedikwatar masarauta daga Nafada a 1919.

A cikin wannan shekara ta 1925 ɗin, ranar 22 ga Fabrairu, kamfanin de Havilland ya gwada wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu da ya raɗa wa suna Moth. Katako ne da yadi, da inji mai ƙarfin doki 60, fikafikansa kuma ana iya naɗe su a tura shi rumfa kamar mota. Shi ne ya buɗe wa masu hali ƙofar mallakar jirgin kansu. Tarihin sufurin sama na Najeriya yana ambaton wani Bature, Bud Carpenter, wanda ya riƙa zirga-zirga da irin wannan jirgi tsakanin Kano da Legas, yana bin layin dogo da ido don kada ya ɓata. Wanda ya nufi Gombe a wancan zamani ko wannan gatan ba shi da shi, domin dogo bai iso garin ba sai a farkon shekarun 1960.

Jirgin da ba shi da birki

Matsala ta farko tana jikin jirgin ne. Moth da sa'o'insa tayoyi biyu gare su a gaba, a wutsiya kuma sai wani ɗan ƙarfe da ke jan ƙasa. Birki babu. Wannan ƙarfen na wutsiya, da yake karce ciyawa, shi ne ke rage gudu. Nauyin jirgin kuma yana bayan tayoyi ne, kuma a nan haɗarin yake. Duk wanda ya taɓa damƙe birkin gaban babur a kan yashi ya san yadda baya ke neman wuce gaba. Haka jirgin yake. Da zarar ya taɓa ƙasa ya ɗan karkata, ko don iska ta bugo daga gefe ko don taya ɗaya ta riga ɗaya sauka, sai wutsiya ta fara shawagi. In matuƙi bai tare ta da ƙafa nan take ba, jirgin zai yi majaujawa a wuri guda, fiffike ya daki ƙasa, ƙafa ta karye. Wannan ne ya sa filayen farko suka kasance fegi mai faɗi maimakon dogon titi, domin matuƙi ya iya fuskantar iska ta duk inda ta ɓullo. Shi ya sa kuma filin sukuwa da filin fareti suka fi dacewa da su.

In kuwa taya ta faɗa rami, ko ta ci karo da kunyar gona ko suri, sai labari ya sha bamban: gaba ya tsaya cak, baya ya ɗaga, jirgin ya dungura da hanci ya kife a kan matuƙinsa. A Afirka suri ya zama abokin gabar masu share filayen sauka, don ana iya baje shi yau gara ta sake tayar da shi kafin jirgi na gaba ya iso. Daga sama kuma fili yakan yi kyau kamar an shimfiɗa tabarma. Sai an taɓa shi ake sanin abin da ciyawa ta ɓoye.

Amy Johnson, matashiyar Ingila da ta tuƙa Moth ita kaɗai zuwa Ostareliya, ta bar Croydon ranar 5 ga Mayu, 1930, ta isa Darwin ranar 24 ga wata. A hanya, ruwan damina kamar da bakin ƙwarya ya hana ta gano filin sukuwar Rangoon inda ake jiranta, sai ta sauka a filin wasan wata makarantar koyon sana'a a Insein. Filin ya yi mata kaɗan. Jirgin ya zarce ya faɗa kwalbati, farfela da fiffike suka lalace, sai da mutanen makarantar suka taya ta gyara. Bayan ta gama cin nasarar tafiyar ma, a Brisbane, ta gota wurin sauka jirgin ya kife a gaban dubban masu tarbarta. Ta ƙetare teku da hamada da duwatsu lafiya, amma mita ɗari na ƙarshe ne suka kayar da ita har sau biyu.

Lokacin da fiffike ya sare

Waɗannan duka sukan karya jirgi su bar mutum da rauni. Wanda ya fi kisa wani abu ne daban, wanda ido ba ya gani.

Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska na bi ta kansa sumul. Yayin sauka dole matuƙi ya rage gudu, kuma gwargwadon raguwar gudu gwargwadon yadda zai ɗaga hancin jirgi don kada ya nitse. Akwai iyakar da in aka wuce ta, iskar da ke bin saman fiffike sai ta watse, ɗaukar ta yanke lokaci guda. Ga Moth wannan iyaka tana wajen kilomita 70 a sa'a. Injin yana iya kasancewa lafiya lau, mai cike da tanki, amma jirgin ya zube kamar an tsinke igiya. Mafi muni shi ne in abin ya faru a kwanar ƙarshe, lokacin da matuƙi ya ga ya gota saitin fili yana neman murɗo jirgi da ƙarfi. A nan fiffike ɗaya kan riga ɗaya sarewa, jirgin ya juya ya nufi ƙasa yana katantanwa.

Maganin abin ya saɓa wa ɗabi'ar ɗan Adam. Wanda ya ga ƙasa na taso masa, hannunsa zai ja sandar tuƙi baya ne don ya ɗaga. Abin da ake buƙata kuwa shi ne ya tura ta gaba, ya ƙara dukufar da hancin jirgin har iska ta sake kama fiffike. A can sama akwai sararin yin haka. A tsayin bishiyar giginya biyu ko uku babu. Wani matuƙin Jamus, Gustav Lachmann, wanda irin wannan faɗuwa ta kwantar da shi a asibiti a 1917, a kan gadon jinya ya fara tunanin wata 'yar tsaga a gaban fiffike da za ta riƙe iska ko da gudu ya ragu. Kamfanin Handley Page na Ingila shi ma ya kai ga wannan dabara, daga baya suka haɗa hannu, kuma kafin ƙarshen shekarun 1920 an fara maƙala ta a jikin Moth. Duk fasinjan da ya zauna kusa da taga a yau ya ga gaban fiffike yana zamewa yayin sauka, jikar wannan dabarar yake kallo.

Akwai kuma waɗanda gangar jikin jirgin ce ta ci amanarsu. Charles Rolls, ɗaya daga cikin mutum biyun da sunansu ke kan motar Rolls-Royce, ya mutu ranar 12 ga Yuli, 1910 a Bournemouth, a gasar wanda zai fi iya sauka daidai kan alama. Ya gangaro da ƙarfi yana neman cin gasar a gaban 'yan kallo, ya ja jirgin, wutsiya ta ɓalle. Shi ne ɗan Birtaniya na farko da jirgi mai inji ya kashe, kuma yana da shekara 32.

Zafi ma yana da nasa rabon, kuma wannan ya shafi Arewa kai tsaye. Iska mai zafi ba ta da kauri, haka ma iskar tudu. Kano da Gombe duk suna wajen mita 500 sama da teku, amma a ranar bazara da zafi ya kai digiri 40, fiffike da inji suna jin kamar suna kan tudun mita 1,500 ne. Jirgi zai taɓa ƙasa da gudun da ya fi na kullum, ya ci fili mai tsawo kafin ya tsaya, in kuma matuƙi ya fasa sauka injin ba zai ɗaga shi da kuzarin da ya saba ba. Lady Mary Bailey, wadda ta taso daga Croydon a Maris 1928 za ta Cape Town ita kaɗai, ta gamu da wannan a Tabora da ke Tanzaniya ta yau, gari mai tudu da zafin rana. Moth ɗinta ya daki ƙasa ya kife. Ta fito da ranta, mijinta Sir Abe Bailey ya sa aka kawo mata wani jirgin ta ƙarasa. Ba kowa ke da miji mai arzikin ma'adinai ba.

Abin da fasaha ta gyara, da wanda ta bari

Yawancin waɗannan an shawo kansu. An sa wa jirage birki da maɓallan fiffike masu rage gudu. An mayar da taya ta uku gaba, abin da ya kusan kawar da majaujawar ƙasa, har kamfanin Cessna ya riƙa tallata ƙirarsa ta 172 a 1956 da cewa saukar da ita kamar tuƙa mota ne. Jimmy Doolittle ya nuna a Amurka ranar 24 ga Satumba, 1929 cewa ana iya tashi a sauka da na'ura kaɗai ba tare da leƙa waje ba. A gida kuma an kafa kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya a 1964, ga hukumar NiMet mai hasashen yanayi, ga NCAA mai ba da lasisi da sa ido.

Abubuwa uku ne ba su canza ba: duhu, ƙura, da mutumin da ke jin dole ya sauka yanzu.

Ranar 25 ga Oktoba, 2012, Gwamnan Taraba Danbaba Suntai ya taso daga Jalingo zuwa Yola a cikin jirgi ƙirar Cessna Caravan, shi da kansa a kujerar matuƙi, hadimansa na tsaro a baya. Jirgin ya faɗi kafin ya kai filin Yola. Suntai masanin harhaɗa magunguna ne da ya yi sha'awar tuƙin jirgi har ya je Zariya ya samu lasisin matuƙi mai zaman kansa. Rahoton da Hukumar Binciken Haɗurran Jiragen Sama ta fitar daga baya bai yi rufa-rufa ba: matuƙin ba shi da cancantar tuƙa wannan nau'in jirgi, ya kuma zaɓi yin tafiyar da ake bi da ido bayan rana ta faɗi, sannan sa idon hukuma ya gaza. Babu wanda ya mutu nan take. Amma gwamnan ya samu mummunan rauni a ka, aka yi ta jinya a Jamus da Amurka, aka dawo da shi a Agusta 2013 cikin halin da ya jefa jihar a rikicin wane ne ke mulki, rikicin da ya ci kusan shekara biyu. Ya rasu ranar 28 ga Yuni, 2017.

Abin lura ga duk mai aiki a ƙarƙashin wani babba shi ne waɗanda ke zaune a bayan jirgin. Jami'ai ne da aikinsu shi ne kare ran mai gida, ga shi kuma tsarin aiki bai ba su bakin ce masa rana ta yi ƙasa, a kwana a tafi da safe ba. Bud Carpenter da Lady Bailey da ransu kaɗai suke caca. Jirgin babban mutum a Najeriya kuwa ba ya tashi da mutum ɗaya.

Ƙura kuma ta nuna kanta a Kabba, Jihar Kogi, ranar 2 ga Fabrairu, 2019, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe. Jirgi mai saukar ungulu ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya zo sauka a filin wasa da rani ya busar. Iskar farfelarsa ta tayar da ƙurar da ta lulluɓe shi, matuƙan suka daina ganin ƙasa, jirgin ya dira da ƙarfi ya kwanta a gefe. Mutum 12 ne a ciki, duk suka fita lafiya. Masu bincike sun ambaci salon saukar da aka yi amfani da shi, da rashin bin ƙa'idar da aka tanada don irin wannan ƙura, da ƙarancin shirya wurin sauka da auna haɗarinsa tun kafin a taso. Wannan na ƙarshen ba aikin matuƙi kaɗai ba ne. Akwai waɗanda ke zuwa gari kwana ɗaya ko biyu kafin mai gida, su duba masauki da rumfa da hanyar ayari, kuma a wajensu ne ya kamata tambayar ta fito: wa ya taka filin nan da ƙafarsa, an yayyafa masa ruwa kuwa? Shekara 89 ke tsakanin Insein da Kabba, amma filin wasa dai filin wasa ne.

Hazon hunturu bai bar manyan jirage ba ma. Ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda, wanda rashin kyawun yanayi ya hana shi zuwa Legas, ya zo sauka a Kano cikin iska da hazo, ƙafarsa ta karye, ya kama da wuta. Mutum 176 suka rasu cikin 202.

Sai kuma batun takarda, wanda ya fi kusa da teburin ma'aikaci. Ranar 3 ga Nuwamba, 2023, ƙaramin jirgi ƙirar Hawker da ya ɗauko Ministan Lantarki Adebayo Adelabu daga Abuja ya yi mummunar sauka da dare a Ibadan. Ba a rasa rai ba. Rahoton farko na hukumar NSIB, wadda ta gaji tsohuwar hukumar binciken, ya bayyana cewa izinin da ke kan jirgin na zirga-zirgar ƙashin kai ne, ba na haya ba. Bambancin ba na suna ba ne kawai. Mai lasisin jigilar haya yana ƙarƙashin sharuɗɗa masu tsauri kan horar da matuƙa, sa'o'in hutunsu, da duba lafiyar jirgi, waɗanda ba a ɗora wa mai jirgin kansa da irin wannan nauyi. A 2024 NCAA ta dakatar da izinin wasu masu jirage saboda wannan dalili, Ministan Sufurin Sama Festus Keyamo kuma ya kafa kwamitin yaƙi da hayar bayan fage. Hadimin da aka ce ya nemo jirgi cikin sa'a biyu, shi ne mutum na ƙarshe da ke da damar tambayar wace takarda ce a hannun mai jirgin kafin mai gida ya taka matakala.

Matuƙa suna da wata dabara da ba ta buƙatar kuɗi ko na'ura. In gangarowa ba ta daidaita ba, sai a ƙara wuta a tashi a sake zagayowa, in kuma fili ya ƙi ganuwa a karkata zuwa wani. Daga Gombe akwai Bauchi, akwai Jos, akwai Yola. Abin da ke sa matuƙi ya ƙi yin haka ba kasafai yake cikin injin ba. Yana cikin sanin cewa filin Pantami ya cika maƙil tun hantsi, gwamna na tsaye a Lawanti da 'yan majalisarsa, kuma wanda ke bayansa ya riga ya duba agogo sau uku.

Agogon ma yana da tarko ga mai tsara tafiya daga Abuja. Ƙasar nan lokaci ɗaya take bi, amma rana ba ta faɗuwa lokaci ɗaya. Gombe tana gabas da Abuja, don haka ladanin Pantami yakan riga na Babban Masallacin Ƙasa kiran magariba da kusan minti 15, na Yola kuma da wajen minti 20. A ƙarshen Oktoba rana kan faɗi a yankin kafin ƙarfe shida, kuma hasken da ke biyo bayanta a wannan sashe na duniya bai cika kai rabin sa'a ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta Arewa maso Gabas take shigowa, kuma akwai ranakun da NiMet ke gargaɗin cewa ido ba zai ga abin da ya wuce mita 1,000 ba. Jirgin da ke gangarowa da gudun kilomita 200 a sa'a yana cinye wannan tazarar cikin daƙiƙa 18.